Imani, Al'ada da Jinya: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan karon damuwarsu ɗaya ce: mutum yana son bin maganar likita, yana kuma tsoron kada ya saɓa wa addininsa ko tarbiyyar da ya taso a kai. Na cire sunayen masu tambaya. Ni likita ne, ba mai ba da fatawa ba, saboda haka duk inda magana ta taɓo hukunci, abin da malamai suka riga suka bayyana zan kawo.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 68, ta daɗe da ciwon suga, tana allurar insulin safe da dare, an kuma ce ƙodarta ta fara taɓuwa. Bara ta yanke jiki ta faɗi da la'asar tana azumi. Bana ma ta ce sai ta yi, wai ba za ta zauna tana ci jikokinta suna azumi ba. Yaya za mu yi da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyarta. Malam, abubuwa ukun da ka lissafa, wato insulin da ciwon ƙoda da faɗuwar bara, sun sa ta cikin mutanen da muke ba shawarar kada su yi azumi. Insulin da aka yi wa mutum aikinsa zai yi ko an ci ko ba a ci ba. Ƙoda kuma tana cikin gaɓoɓin da ke rage shi daga jini, to idan ta yi rauni sai maganin ya daɗe yana jan suga ƙasa. Ga ƙishirwar yini guda, wadda ke ƙara wa ƙodar nauyi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 13 kan azumin 2001, da mutum sama da 12,000, ya nuna mummunar faɗuwar suga a watan azumi ta ninka kusan sau 5 a masu ciwon suga nau'i na ɗaya (wanda jiki ba ya yin insulin), ta ninka fiye da sau 7 a masu nau'i na biyu (wanda ya fi kama manya). Abin da ya fi ba ni tsoro ga tsofaffi shi ne, idan ciwon ya daɗe, alamomin gargaɗi irin su gumi mai sanyi da karkarwa da bugun zuciya sukan daina zuwa. Sai dai a ga magana ta harɗe, ido ya tsaya, mutum ya sulale.

Amma Hajiya ta san azumin yana wahalar da ita, ai ita ta faɗi. Abin da ke damunta kunya ce da tsoron rasa lada, kuma lambobin asibiti ba sa warkar da wannan. A nan ne addinin da take tsoron saɓawa ya fi ni iya lallashinta. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ɗauke wa mara lafiya azumi, wanda kuma ciwonsa ba mai tafiya ba ne sai ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. Akwai hadisi a Bukhari da ke cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da yake yi lokacin da yake lafiya yana zaune a gida. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta zauna a birnin Sharja na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2009 kan ciwon suga da azumi, ta ce masu haɗari irin nata su sha.

Ku samo malamin da take ganin girmansa, ku karanta masa abin da likitanta ya ce, shi ya yi mata bayani da bakinsa. Ku bar ta ta tashi sahur tare da ku, ta yi karatunta da sallolinta, ita da kanta ta riƙa miƙa ciyarwar. Abincinta na rana a kai mata ɗaki, kada a ajiye mata a gaban jikoki. Idan duk da haka ta kafe, to kada ku bar ta ta yi a ɓoye, don wannan ya fi komai haɗari. Ku kai ta wurin likita mako 6 zuwa 8 kafin watan ya kama a sake tsara allurar, ku riƙa auna suga sau da yawa a yini (tsira yatsa ba ya karya azumi), ku kuma yi alkawari da ita cewa da zarar awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 (a ma'aunin mg/dL), ko ta ji jiri, za ta karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira magariba.

Tambaya: Likita, an gano ciwon dajin hanta a jikin babanmu, an ce ya bazu. Yayyena maza sun roƙi likitoci kada a gaya masa, wai zai karaya ya mutu da wuri. Ni nake kwana da shi. Kullum sai ya tambaye ni me aka gani, ina ce masa ba komai. Ba na iya barci.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki ladan jinya, ya sassauta wa Baba. Kada ki ga laifin yayyenki, ƙauna ce ta sa su. Kuma ba a gidanku aka fara ba. A Amurka, wani bincike na 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na likitoci ba sa gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa. Da aka maimaita tambayar a wani binciken da aka wallafa a 1979, kashi 97 suka ce suna faɗa. Har yau a ƙasashe da dama na Asiya da Afirka da kudancin Turai, dangi ake fara sanarwa, su kuma su yanke abin da zai kai kunnen mara lafiya. Wannan al'ada tana da alherinta, don ba a barin mutum ya ɗauki mugun labari shi kaɗai.

Sai dai ki lura da abu ɗaya: Baba yana tambaya. Mutumin da ke ganin jikinsa na ramewa, yana ganin ana raɗa a bakin ƙofa, ana shigowa da jajayen idanu, yawanci ya riga ya fahimta. Abin da ɓoyewar ke jawowa shi ne kowa ya riƙe tsoronsa shi kaɗai, shi yana yi muku kara, ku kuna yi masa. Sannan akwai abubuwan da ba mai iya yi masa su. Shi ya san wa yake bi bashi, wa ke binsa, amanar wa ke hannunsa, wa yake son neman gafararsa. Hadisin Ibn Umar ya hori Musulmi kada ya kwana biyu yana da abin wasiyya face wasiyyarsa na rubuce. Wanda aka ce masa ba komai, yaushe zai yi wannan shiri?

Ba ina cewa a shiga a faɗa masa gatsau ba. Ga yadda nake yi. Nakan sa a rufe ƙofa, in jawo kujera in zauna daidai da fuskarsa, wanda ya fi amincewa da shi yana kusa. Sai in ce: "Baba, kai me kake gani game da jikin nan?" In yi shiru, in bar shi ya yi magana ko da zai ɗauki lokaci. Daga nan in ce: "Sakamako ya fito. Wasu sun fi son a gaya musu komai, wasu sun fi son a yi magana da 'ya'yansu. Kai wanne ka fi so?" Idan ya ce a yi da 'ya'yana, shi ke nan, shi ya zaɓa, ba wanda ya yi masa ƙarya. Idan ya ce gaya mini, sai a ba shi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda yake tambaya, ba tare da an yanke masa kwanaki ba, don wannan ilimi ba ya hannunmu. Ki kai wa yayyenki wannan hanyar, ki nemi likitansa ya zauna da ku gaba ɗaya. Ki kuma tambaya game da maganin zafi. Wasu iyalai suna ƙin morphine, maganin kashe zafi mai ƙarfi, saboda suna ganin abin maye ne, alhali idan likita ya auna shi daidai, shi ke ba mara lafiya damar yin barci da salla da hira da iyalinsa.

Tambaya: Likita, ni Kirista ce. Ɗana mai shekara 11 yana da farfaɗiya, magani ya tsayar da ita wata takwas. A wurin addu'a an ce aljani ne, in daina ba shi ƙwayar don in nuna bangaskiyata. Na rasa abin yi.

Amsa: Malama, ki ci gaba da addu'a, kada kuma ki tsallake ƙwaya ko ɗaya. Farfaɗiya tana tasowa ne idan saƙonnin lantarki na ƙwaƙwalwa suka rikice na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suka samu magani daidai. Wata takwas ɗin nan shaida ce cewa ɗanki yana cikinsu. Yanke maganin farat ɗaya na iya tayar da faɗuwa mai bin juna ba tsayawa, wadda ke iya lalata ƙwaƙwalwa ko ta yi kisa. Likita ne kaɗai zai rage shi, a hankali, yawanci bayan yaro ya yi shekara 2 bai faɗi ba.

Littafinki bai sa ki zaɓi ɗaya ki bar ɗaya ba. Wasiƙar Yakubu 5:14 ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a, Bulus kuma a Kolosiyawa 4:14 ya kira Luka ƙaunataccen likita. Irin wannan saƙo yana zuwa mini daga iyaye Musulmi kan ruƙiyya, amsata gare su ita ce dai: a yi addu'a, a sha magani, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Duk wanda ya ce sharaɗin addu'arsa shi ne a jefar da maganin yaro, ko a dake shi, ko a ɗaure shi, ko a hana shi abinci, ki ɗauke ɗanki daga wurin.

Ki koya wa mutanen gida da malamansa na makaranta abin yi idan farfaɗiyar ta tashi. A janye wuta da ruwa da abu mai kaifi, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko ruwa a bakinsa. Yawunsa ba ya yaɗa cutar. Idan ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Tambaya: Likita, matata tana da ciki wata bakwai. Ba na son namiji ya duba ta. Laifi ne in dage?

Amsa: Ba laifi ba ne ku nemi mace, kuma asibitin kirki zai yi ƙoƙari. Ku faɗa tun yanzu a wurin awo, a rubuta a katinta. Idan namiji ne zai duba, haƙƙinta ne a sa labule, a buɗe wurin da ake buƙata kawai, ma'aikaciyar jinya tana tsaye. Amma Malam, ka yanke shawara tun yau kan daren da ba mace a bakin aiki. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. Malaman fiƙihu sun jero abin: mace ce a gaba, idan babu, namiji amintacce ya halatta saboda larura. Ka kuma tambayi maiɗakin naka ra'ayinta, tunda jikinta ne, ka bar izini a faɗe ko da ba ka gari.

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce. An kawo mana wata mata Mashaidiyar Jehobah jininta ya yi ƙasa sosai, ta ƙi ƙarin jini. Raina ya ɓaci har na ɗaga mata murya. Ina ganin kamar kashe kai ne.

Amsa: Na san zafin ganin ledar jini a kusa, mara lafiya tana cewa a'a. Amma ita ba mutuwa take nema ba, da ba ta zo asibiti ba. Tun 1945 ƙungiyarsu ta haramta ƙarin jini, suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni 15:28-29. Suna ƙin jini ɗungurungum da manyan sassansa huɗu, wato jajayen ƙwayoyi da farare da masu daskarar da jini da ruwan jinin, amma ƙananan abubuwan da ake tacewa daga ciki an bar wa kowa lamirinsa. Saboda haka kada ki ɗauka kin san amsarta. Ki koma ki same ta ita kaɗai, ba dangi ba 'yan'uwan ibada a ɗakin, ki tabbatar ta fahimci cewa za ta iya rasa ranta, ki tambaye ta abu ɗaya-ɗaya me za ta karɓa, a rubuta, ta sa hannu. Baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani. Yaro ƙarami hukuncinsa daban ne, kotuna a ƙasashe da yawa sun ba da umarnin a ƙara wa yara jini duk da ƙin iyayensu.

Bayan haka aiki bai ƙare ba. A nemo inda jinin ke zuba a tsayar, a rage yawan ɗiban jini don gwaji, a ba ta iskar oksijin, a sa mata sinadarin ƙarfe ta jijiya. Idan zubar bayan haihuwa ce, akwai maganin tsayar da jini mai suna tranexamic acid: gwajin da aka wallafa a 2017 kan mata 20,000 ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka ba da shi cikin awa 3. Ki kuma gaya mata tana iya canza ra'ayi kowane lokaci, ko da tsakar dare ne, kuma ba wanda zai ji daga bakinku.