Tambaya da Amsa: Kiɗa a Wurin Jana'iza

Tambaya: Malam, na halarci jana'izar wani dattijo Kirista kusa da Bukur, na ga ana kiɗa har bakin kabari. Abin ya ɗaure min kai. A Filato kaɗai ake haka? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: A'a, Malam. Mu Musulmi Hausawa sallar gawa muke yi, mu binne da addu'a, babu kiɗa, shi ya sa abin ya zo maka baƙo.

A arewacin Gana, 'yan ƙabilar Dagara suna kaɗa gyil, jerin itatuwa kamar 14 da ƙwarya a ƙarƙashin kowanne. Daga sautin kaɗai na nesa zai gane namiji ne ya rasu ko mace, ya kamo hanya. A New Orleans ta Amurka, masu busa suna rakiyar gawa da kiɗa mai nauyi, a hankali, sai an rabu da mamacin su saki mai zafi. Sojoji kuma begila suke busawa.

Inda ake yawan kuskure shi ne shekarun mamaci. A wurare da dama, rawa ta jana'izar dattijon da ya ga jikoki ce. Idan matashi ne, sai kuka, kuma makaɗin da ya tashi kiɗan murna a nan ya ɓata wa dangi rai ƙwarai.