Amsar Kawu kan maganar wayar ƙaninka

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Ka ce ƙaninka ya sayi waya ta hannu a kasuwa, bayan mako uku mai ita ya gan ta a hannunsa ya ce shi ya sace, mai unguwa kuma ya ce ko ya dafa Alƙur'ani ko a biya kuɗin a rufa asiri. Kana tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne a tsaya gardama, balle a ɗauko lauya.

Ba abin kunya ba ne. Kada kuma a biya ko kwabo da sunan rufin asiri, don duk unguwa za ta ɗauka amsa laifi aka yi. Yau an biya an huta, gobe yaron ya je neman aure a ce ai shi ne wancan na waya.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni ina saurayi. Na sayi bijimi a karar Wudil wata Juma'a, ina murna na yi arha. Ban kai shi gida ba sai ga wani Bafillace da ƙannensa biyu sun tare ni. Ya kira sunan sansa, wallahi sai bijimin nan ya ɗaga kai ya nufe shi. Jama'a suka fara taruwa, wani har ya cire takalmi. Ban rantse ba, ban kuma ɗaga murya ba, cewa na yi a koma kara. Dillalin da ya karɓi la'adata ya miƙe gaban sarkin kasuwa ya ce a gabansa aka yi ciniki, ga wanda ya kawo san, ga garinsu. Bafillace ya tafi da dabbarsa, ni kuma kuɗina sai da suka yi wata biyu kafin su dawo, amma ba wanda ya sake kirana ɓarawo. Amfanin la'ada ke nan da yaran yanzu suke ganin asara ce: shaida kake saya.

To shi ƙaninka wa ya ga cinikinsa? Mai shagon, rasit, ko saƙon banki in tura kuɗi ya yi, abokin da ya raka shi. A tattaro su yau, kafin mai shagon ya ji labari ya kulle ya ɓace. Taka sawun ɓarawo daban, sata daban, amma fa ka sani sayen kayan da ka san na sata ne laifi ne mai zaman kansa a dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960. Shi ya sa za a tambayi nawa ya saya. In kuɗin ya yi kusa da farashin kasuwa, wannan ma hujjarsa ce.

Maganar rantsuwa kuwa, mai unguwa ya ɗauko ta ta wutsiya. Ƙa'idar da alƙalanmu suka gada ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa sai ta biyo baya. Malaman Malikiyya ma sun ce in aka tuhumi mutumin da aka sani da kirki ba tare da hujja ba, ba a sauraron mai tuhumar. Haddin sata kuma bai tabbata sai da iƙirari ko shaidu biyu adalai, kayan su kai nisabi, wato rubu'in dinari, a kuma ɗauke su daga ma'ajiyarsu. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi mutum ko yana da sauran magana. Addinin da ya buɗe waɗannan ƙofofi bai ce ka sunkuyar da kai ba. Na kan tuna Buba Jangebe da aka yanke wa hannu a Zamfara a 2000 kan satar saniya, bai ko ɗaukaka ƙara ba.

In wani ya kawo zancen malamin duba ko turmin da ke bin ɓarawo, ku tashi ku bar wurin. Turmi inda masu riƙe da shi suke so nan yake zuwa.

Lauya kuwa ba baƙon abu ba ne, wakili ne, kuma tun da can mutum na naɗa wanda ya fi shi iya baki ya tsaya masa gaban alƙali. In abin ya kai ofishin 'yan sanda, tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaninka damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma a idon doka ba shi da laifi sai an tabbatar. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. In kuɗi ne babu, akwai hukumar Legal Aid da ke tsaya wa marasa hali kyauta.

Wayar dai a miƙa wa mai ita a gaban shaidu in ya nuna kwalinta, mu kuma mu bi mai shago. Zan shigo motar safe ranar Laraba in Allah ya kai mu, ni zan je wa mai unguwa da kaina, ku yara kada ku yi masa musu. Ka gaida mahaifiyarku, ka ce ta bar akuyar nan a turke, ba za a sayar ba.