Salahuddin da Kiristocin Kudus

Kana tambaya ko Salahuddin, sarkin Musulmi na Masar da Sham, ya karkashe Kiristoci da ya karɓe Kudus a 1187. A'a, bai yi ba. Sulhu aka yi da Baliyan, jagoran masu tsaron garin, aka yanka kuɗin fansa, namiji dinari 10, mace 5, yara ƙasa da haka, wanda ya biya ya fita lafiya, Kiristocin gabas kuma, wato 'yan asalin yankin waɗanda ba Turawa ba, aka bar su su zauna suna biyan jiziya.

Sai dai abin da kullum nake tuna wa ɗalibaina, dubban talakawa da suka kasa biya bayi aka mai da su, kuma wallahi wannan ɓangaren yana taɓa min zuciya sosai.