Amsa ga ɗan'uwan da mai zanen katun ya riƙe wa bidiyon waƙa

Assalamu alaikum, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, kuma sai da na karanta ta sau uku kafin na iya ajiye waya, domin kamar daga bakina ka ciro ta. Ka ce ka yi waƙar jita irin ta altanatif rok mai tsawon minti 4, wani mai zanen katun da kuka haɗu a Facebook ya karɓi rabin kuɗi zai yi maka bidiyonta, yau wata 5 ba ka ga komai ba sai daƙiƙa 20, ga shi yanzu yana neman ƙari, da sharaɗin a tasharsa ta YouTube za a ɗora. Kana tambaya ko ka ƙara masa ko ka haƙura.

Tawa waƙar a kan ambaliyar 2022 na yi ta, wadda ta cinye mana gero da dawa a ƙauyenmu na ƙasar Ringim, ta kuma rushe ɗakin kakata da rumbunta. Tsohuwar ba ta shekara ba bayan haka. Na ɗauki waƙar a wani ɗan ƙaramin situdiyo a Kano, da jita biyu da ganguna da gurmi a ƙarƙashinsu, baitocin a hankali kamar mai raɗa, amshin kuma da gurnanin jita, yadda duk muka san salon. Katun na zaɓa saboda ba ni da halin ɗaukar ruwa yana cin gari da kyamara, kuma ba zan iya tara mutanen da suka rasa gidajensu in ce su sake yin kuka don bidiyona ba.

Mutumin da na samu yana da hannu, wannan ba zan hana shi ba. Na tura masa hoton kakata, wanda shi kaɗai muke da shi, ya zana ta da tsagarta a kumatu da ƙwaryar da ba ta rabuwa da ita, har mahaifiyata da ta gani a waya ta juya fuska tana share ido. Wannan zanen ne ya sa na saki jiki. Na kai ragon da mahaifiyata ta yi wata bakwai tana kiwo kasuwar Gujungu, na haɗa da kuɗin riɗina, na tura masa kashi uku cikin huɗu na abin da ya yanka. Babu takarda, babu shaida, sai saƙonnin murya cike da "in sha Allahu" da "kada ka damu, yallaɓai".

Ya yi mini alkawarin zai gama kafin Babbar Sallah, ni kuma na ɗauki maganar na baza a gari. Mai gidan kallon ƙauyenmu ya yarda ya ba ni awa ɗaya washegarin sallah, na sayi man janareto da kuɗina, na gayyaci har kawuna, yayan mahaifiyata, wanda bai taɓa taka gidan kallo ba. Ranar tun la'asar ina tsaye gindin tsamiyar bakin titi, inda nan ne kawai sabis yake kamawa sosai, ina kira ana ce mini wayar a kashe take. Na tsaya har aka kira magariba, na yi salla a wurin, na ci gaba da kira har isha'i. Da na dawo na tarar yara sun cika bencina, kawu yana zaune a gaba da babbar rigarsa ta sallah, ya ɗora sandarsa a kan gwiwa yana jiran ya ga mahaifiyarsa a talabijin. Na rasa abin da zan ce. Sai na sa aka kunna waƙar kawai, allo baƙi ƙirin, mutane suka saurara na ɗan lokaci sannan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya zauna har ta ƙare, ya tashi ya dafa kafaɗata, ya fita bai ce uffan ba. Har yau da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan wata biyu wani abokina ya turo mini wata waƙar soyayya ta wani mawaƙin birni. Ina buɗewa sai ga kakata a ciki, an canza mata launin zani, an mai da ita tsohuwa mai korar samari daga ƙofar gida don a yi dariya, ga rumbunmu a bayanta. Da na same shi a waya cewa ya yi hannunsa ne ya zana, kuɗin da na bayar kuma na lokacin da ya ɓata ne. Daga nan ya toshe lambata. Kuɗin rago na yafe, amma fuskar tsohuwar nan da ya sayar ban iya yafewa ba tukuna, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ikon yin hakan.

Duk da haka ba zan ce maka naka ma macuci ne ba, domin daga baya na koyi wani lissafi da ya kamata in sani tun farko. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu katun kuma sukan rage su yi zane 12. Minti 4 daƙiƙa 240 ne, wato zane 2,880 ke nan idan komai zai motsa, ban da bango da fenti. Daƙiƙa 20 ɗin da ya turo maka za su iya kai zane 240. Lokacin da ƙungiyar Pearl Jam ta Amurka ta yi bidiyon katun na waƙarta "Do the Evolution" a 1998, wanda Kevin Altieri da Todd McFarlane suka jagoranta, aikin ya ci mako 16, kuma masu zane sama da 100 ne a Koriya ta Kudu suka yi motsin hotunan. Mu kuwa muna ɗora irin wannan kaya a kan yaro ɗaya mai tsohuwar kwamfuta da yake jiran a kawo wuta. Mai yiwuwa naka ya yanka kuɗi ne bai san nauyin abin da ya ɗauka ba, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Saboda haka kada ka ƙara masa ko sisi sai ka ga aikin da idonka. Ka ce ya kira ka ta bidiyo, ya buɗe manhajar da yake aiki da ita, ko Blender ce ko Krita ko FlipaClip, ya nuna maka fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa zai nuna maka tulin zanen da bai ƙarasa ba. Wanda ya ci kuɗinka kuwa kullum kwamfutarsa tana wajen gyara.

Maganar tasha ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin tambayarka, don nan ne aka kashe ni. Abu biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Ko dai ƙwadago yake yi maka, ka biya shi cikakke, bidiyo ya zama naka da sunansa a jiki a matsayin wanda ya zana, ko kuma abokin tarayya ne, kamar yadda mawaƙi Damon Albarn da mai zane Jamie Hewlett suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Gorillaz a Ingila a 1998, ɗaya da kiɗa ɗaya da zane, kowa yana da haƙƙi. Abokin tarayya ba ya karɓar cikakken kuɗin aiki sannan ya riƙe tasha. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce miƙa haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, don haka biyan kuɗi kaɗai bai sa zanen ya zama naka ba. Ku rubuta ko da a takardar makaranta ce: wane ne mai mutanen da aka zana, ba za a sa su a waƙar wani ba, zai miƙa maka ainihin fayilolin, kuma biya kashi-kashi ne. Ku sa hannu, kowa ya kawo babbansa ya shaida.

Kuma don Allah, ƙanena, kada ka tura hoton wani naka, musamman wanda ya rasu. Ka kwatanta masa da baki ya ƙirƙiro fuska.

Idan ka ga yana da gaskiya, ku rage kayan. Amshin waƙarka yana dawowa sau biyu ko uku, to zane ɗaya ya isa a maimaita shi da ɗan canjin launi. Baitocin da suke a hankali ba sa buƙatar gudu da tsalle, bango mai kyau da ake jan kyamara a kansa sannu a hankali, da hayaƙi ko ruwa yana motsi, ya fi dacewa da irin kiɗanmu. Kafin ya motsa komai ya zana maka kowace fitowa a akwati-akwati a kan takarda, ka ɗora su a kan waƙar ka kalla, a nan ne gyara yake da araha. Haka muka yi da wani ɗalibi a Dutse da na sake gwadawa, da wayarsa kawai, muka tsaya a minti ɗaya da rabi, na biya shi sau huɗu, kuma muna gaisawa har gobe. Ka kuma kula da suturar mutanen da za a zana, ka yi magana da mahaifinka da malaminka tun yanzu, domin ka san batun zanen mai rai ba ƙaramar magana ba ce a garuruwanmu, gara su ji daga bakinka da su gani a wayar wani.

Sannan ita waƙar me ya sa ka ɗaure ta wata 5? Ni ma haka na yi, na riƙe tawa har zafin ambaliyar ya huce a zukatan mutane. Mdou Moctar, mawaƙin jita na Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka bi wayoyin mutane tun kafin duniya ta san fuskarsa. Ka kai taka gidan caji da wajen masu tura waƙoƙi ranar kasuwa, ka ɗora ta a tasharka da sunanka da hoto ɗaya tak, yadda kowa zai san kai ne mai ita kafin bidiyo ya fito a ko'ina.

Ka yi wannan kiran a makon nan, kada ka bari ya kai wani. Idan kun yi, ka dawo nan ka faɗa mana zane nawa ka gani a kwamfutarsa, sai mu lissafa tare abin da ya rage da abin da ya dace ka biya.