Yaya Za A Kira "Maskot" Da Hausa?

Wata malamar sakandare ta rubuto daga Zariya tana cewa ta ga 'yan wasan wata makaranta a Amurka suna kiran kansu da sunan jirgin yaƙi, kuma ta ji ana ce wa irin wannan abu maskot, sai take tambayar ko Hausa tana da kalmar da ta dace da shi.

Malama, kalmar ta shigo Ingilishi ne daga Faransanci, inda asalinta ke nufin abin da ake ɗauka yana kawo sa'a. A makarantun Amurka ta ƙunshi abubuwa uku da Bahaushe yake rarrabewa: sunan da 'yan wasa suke amsawa, wato laƙabi, zanen da ke jikin rigunansu, wato tambari, da kuma ɗalibin da yake shiga cikin shigar wannan siffa ya yi ta rawa a bakin fili. A ganina laƙabi ne ginshiƙi, domin shi ake rerawa a filin wasa kamar yadda magoya bayan Kano Pillars suke cewa "Sai Masu Gida".

Makarantu da yawa a can sukan ari sunan zaki ko damisa ko gaggafa, amma garin da jirgin sama ya shiga tarihinsa yakan bi wata hanya, kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. Sakandaren Vandalia-Butler da ke kusa da Dayton a jihar Ohayo, mahaifar sana'ar 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, ana kiran 'yan wasanta Aviators. Wannan ba ya ba mai fassara wahala: Matuƙa Jirgi. Abin lura shi ne jirgi a asalinsa na ruwa ne, tuƙi kuwa aikin mai kwalekwale ne, sai daga baya Hausawa suka ɗora kalmomin biyu a kan na ƙasa da na sama.

Inda aikin yake da ƙaya shi ne sakandaren Richland ta jihar Washinton, wadda ta ɗauki laƙabin Bombers a 1945. Wasu mutanen garin suna danganta sunan da wani jirgin yaƙi samfurin B-17 da ma'aikatan masana'antar nukiliya ta Hanford da ke kusa da garin suka saya wa soja a 1944, kowa ya ba da ladan aikinsa na yini guda. Wasu kuwa suna cewa bam ɗin nukiliya ake nufi, tunda a Hanford aka sarrafa sinadarin fulutoniyam da aka yi bam ɗin da aka jefa wa birnin Nagasaki na Japan da shi, ga kuma hayaƙin fashewar bam mai siffar lema a tambarin makarantar, abin da har yau ake taƙaddama a kansa. Kalmar Ingilishin ta haɗiye ma'anonin biyu, Hausa kuwa tana tilasta wa mai fassara ya zaɓa tsakanin Jiragen Yaƙi da Masu Jefa Bam, kuma duk wanda ya zaɓa ya ɗauki ɓangare a gardamar.

Shi kuwa ɗokin da ɗalibai suke nunawa game da laƙabinsu, kishin makaranta ne sunansa. Kishi a nan ba na kishiyoyi ba ne, irin wanda ke cikin kishin ƙasa ne, wato mutum ya ƙi yarda a raina abin da yake nasa.