Allon kwamfuta mai faɗi don aikin zane da haɗa bidiyo a gida

Malam, ka tambaya wane babban allo ya dace da kai a Garwa, tunda kana gyaran hotuna da haɗa bidiyon bukukuwa. Ni dai shawarata, kada girman inci ya ruɗe ka, domin allo mai inci 32 da ke nuna 1920 da 1080 kawai (wato yawan ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, a kwance da a tsaye) zai sa rubutu ya yi kaushi idan ka zauna kusa da shi. Inci 27 mai 2560 da 1440 ya wadatar, amma idan kana son jera bidiyo da kayan aikinka gefe da gefe, nemi mai faɗi na inci 34, wato 3440 da 1440.

Ka tabbatar nau'in IPS ne, saboda launinsa ba ya sauyawa sosai ko da ka kalle shi ta gefe, kuma ya cika sRGB, wato ma'aunin launukan da allo ke iya nunawa. Kafin ka biya sefa ko ɗaya, duba ko kwamfutarka tana da DisplayPort ko HDMI, wato ramin da ake jona wayar allo, da zai ɗauki yawan ɗigogin allon da ka zaɓa. Sannan ka saya masa na'urar daidaita wuta, ka riƙa lulluɓe shi da mayafi lokacin ƙurar hunturu.