Amsa ga Yaya kan mantuwar Baba

Yaya, kin tambaye ni ko gaskiya ne mu Hausawan Ingila da tsoho ya fara gigi sai mu miƙa shi gidan tsofaffi mu huta. Tunda yanzu abin a ɗakina yake, bari ki ji.

Baba ya fara ne da maimaita la'asar, sai ranar da ya fita sayen burodi a unguwar da ya shekara arba'in a Manchester, ya kasa gane hanyar gida. A Kano cewa za a yi gigin tsufa ne, wani ma ya ce sammu. Mu ma muna tofi, amma likitan unguwa muke fara gani. An ɗebi jininsa da fitsari, don ƙarancin bitamin B12 ko ciwon mafitsara kan ruɗa tsoho, kuma suna jin magani. Daga nan aka tura mu asibitin masu mantuwa, aka sa shi zana agogo, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Sakamako muke jira. In cutar Alzheimer ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai kawo mantuwa, ba ta warkewa, sai dai ƙwaya irin donepezil ta sassauta na wani lokaci.

Ba mu zauna jira kawai ba. A gida babban ɗa ke karɓar ragama ba wata takarda. Nan kuwa banki ba ya sauraron ko Inna sai Baba ya sa hannu a takardar wakilci tun hankalinsa na jikinsa. Mun yi ta. Makullin mota ne dai har yau ake rigima a kai.

Abin da ya fi taɓa ni, Turancinsa ke zubewa, Hausa ce ke saura. To a gidan tsofaffi wa zai gane in ya ce a miƙo buta? Shi ya sa bayan sallar Juma'a mutanenmu ke raba kwanaki: wannan ya zo hira, wancan ya raka shi masallaci, wata ta aiko tuwo. Akwai waɗanda suka gaza suka kai nasu can, kuma ban ga laifinsu ba. Mata da miji duk suna aiki, ba ƙanne ba jikoki a tsakar gida, ga tsoho yana buɗe ƙofa da tsakar dare cikin hunturu.

Don Allah ki sa Gwaggo ta turo masa murya ta WhatsApp. Jiya sunanta ya wuni yana kira.